Ma'aikatan Fasaha a Tsangayar Injiniyanci

Ma'aikatan fasaha su ne rukunin ma'aikatan jami'a da ke kula da ɗakunan gwaje-gwaje da wuraren koyon aikin hannu, inda ɗalibin injiniyanci yake aiwatar da abin da ya karanta a aji. A jami'o'in Najeriya, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su ne ke daidaita na'urorin awo, suna koyar da walda da yankan ƙarfe, suna kuma hana ɗalibi kusantar inji ba tare da kayan kariya ba, aikin da ba kasafai ake yaba musu a kansa ba. Tun 1992 hukumar COREN, mai kula da sana'ar injiniya a ƙasar, take yi wa ƙwararrunsu rajista, kuma ƙungiyar NAAT ce ke kare haƙƙinsu.