Bakin Inji da Ƙurar Borno

Duk wanda ya yi tadabburi a kan tarihin sufurin sama a Maiduguri, tun daga 1936 da jiragen Imperial Airways suka fara yada zango a nan a kan hanyarsu daga Hartum zuwa Kano, zai tarar mas'alar da ta fi ɗaure wa ma'abota sana'armu ta kula da injin jirgi kai, magabata da na baya, ita ce ta iskar da inji yake shaƙa, domin Allah cikin hikimarsa Ya haɗa wa ƙasar Borno abubuwa biyu da inji ba ya ƙauna, wato ƙurar hunturu mai tasowa daga kwarin Bodele a Cadi, da zafin bazara wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu.

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Ingilishi suke harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi daga 1940, suna bi da su ta Ikko da Kano da Maiduguri har Masar, injunan masu fistan ne, sai aka wadatu da ɗaura wa jirgin Hurricane matatar Vokes a ƙarƙashin hanci, ko da yake ta rage masa gudu. Amma da tabofurof ya bayyana, wanda a cikinsa kwamfuresa ke matse iska, a ƙona ta da kananzir, hucinta ya juya tabain, tabain kuma ya juya farfela ta hanyar giya, sai hukunci ya sake, saboda iskar da yake haɗiya ta fi ƙarfin kowace matata irin ta da.

Mu da muka buɗe ido a kan Fokker F27, wanda Nigeria Airways ta shigo da shi a 1963 da injin Dart na Rolls-Royce, mun san bakin injin zobe ne buɗaɗɗe a bayan farfela, babu hijabi tsakaninsa da kwamfuresa, abin da ya zo shi zai shiga. Abin da ya cece shi shi ne kwamfuresarsa mai wurga iska gefe, mai kaurin fukafukai, wadda ta fi haƙuri da rairayi. Game da zafi kuwa, da yake iska mai zafi ba ta da nauyi, inji ba ya ƙoshi da ita, sai masu ƙirar suka yi ijtihadin fesa ruwa gauraye da metanol cikin iskar yayin tashi, ta yi sanyi, ƙarfi ya dawo. Illar ƙura dai a sannu take bayyana: tana zaizaye fukafukai, matsi ya ragu, zafin tabain ya ƙaru, har wa'adin inji ya cika kafin lokacinsa.

A ra'ayina, amsar da ta fi dacewa da ƙasarmu daga Kanada ta zo, cikin injin PT6 na Pratt & Whitney, wanda danginsa ne ke cikin jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021. Shi wannan a juye aka ɗora shi, iska tana bin bututu zuwa baya, ta yi kwana, ta ratsa raga, sannan ta nufo gaba. A jirage irin Caravan da King Air an ƙara wani murfi da matuƙi ke saukarwa cikin bututun don ya tsananta kwanar, sai abin ya zama kamar shiƙar hatsi, illa dai a nan mai sauƙin ake so: iska ta karkata ta shiga inji, tsakuwa da rairayi su zarce da nauyinsu su fice ta ƙofar baya. Abin al'ajabi, ƙanƙara aka fi nufa da wannan dabara, ga ta tana yi wa mutanen Sahel hidima, duk da tana cin wani kaso na ƙarfin inji, kuma garin ƙura mai laushi yana bin iska ya wuce ta.

Saboda haka ina kira ga samarin da ke fitowa daga Kwalejin Sufurin Sama ta Zariya: in an turo ku Maiduguri, ku toshe bakin inji da marfinsa da zarar jirgi ya tsaya, ku haska fitila cikinsa kowace safiya, ku kuma yawaita wankin kwamfuresa muddin hunturu bai wuce ba.