Harsashin Gida: Tattalin Kakanni da Lissafinmu na Yau

Kwanan baya, a zaman da muka yi da samarin sintiri bayan sallar isha'i a nan Sabo, wani ya kawo shawarar a riƙa ɗura harsashi a gida, tunda na saye ya yi tsada. Hujjarsa ita ce haka kakanni suka yi. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Bari mu waiwayi tarihin.

Bindigar toka, wadda muke kira harba-ka-ruga, ta bakin teku ta shigo ƙasashen nan, hannun Turawa 'yan ciniki. Ana sayen bindiga sau ɗaya, amma cinta kullum ne: albarushi, dalma da ƙanƙara. Shi ya sa maharbi ba ya rabuwa da maƙeri. In dalma ta yi wuya, sai a sassara guntayen ƙarfe a ɗura, wani ma har da tsakuwa. Albarushi kuwa akan haɗa na gida, sai dai bai kai na Turai ƙarfi ba.

Garin nan namu ya san wannan wuyar tun kafin a yanka mana Sabo a 1916. A yaƙin Kiriji, daga 1877 zuwa 1893, Ijebu da Egba sun toshe wa Ibadan hanyar Ikko, albarushi ya zama abin nema ruwa a jallo, alhali abokan gabanta na Ekiti suna samun sababbin bindigogi ta bakin teku. Ibadan tana da mayaƙa, amma wanda ya riƙe hanyar kasuwa shi ya riƙe wuyanta.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Barasal, suka amince a hana sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka, a bar mu da ta toka. Daga nan ɗurin gida ya zama dole ga wasu sarakunan da ke da irin na zamanin. Samori, can yamma wajen hanyoyin goro, maƙeransa sun gyara bindigogi, sun kwaikwayi na Faransa, kuma mayaƙansa kan tsince kwanson harsashi a fagen fama a sake ɗurawa. Duk da haka Faransa ta kama shi a 1898. Rabe ma, da ya ci Barno a 1893 ya zauna Dikwa, da bindiga ya yi ƙarfi, amma ya faɗi a Kusuri a 1900. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ta bi baya a Maris. Hikimar maƙera ta ja musu lokaci, ba ta kai ga cike giɓin da ke tsakanin maƙera da masana'anta ba.

To, ka ga ba don araha kawai suka yi ba, ƙofa aka rufe musu. Kuma masu yin gwanaye ne da suka gaji sana'ar, ba kowa da kowa ba. Ko a hakan, mu da muka tasa muka tarar da tsofaffin maharba mun ga masu gundumin yatsa, mun ga wanda bututu ya fashe masa ya rasa ido ɗaya. Su kan faɗa mana cewa bindigar toka ba ta san mai ita ba.

Yau lissafin ya sake. Dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba. Gidajenmu kuwa na haya ne, bango a jikin bango, ga risho, ga yara. Sannan mu baƙi ne. Aka samu albarushi a ɗaki guda a Sabo, ba sunan mai ɗakin za a kira ba, Hausawa za a ce. Amanar da iyayenmu suka gina da masu gari sama da shekara ɗari za ta iya tafiya a dare ɗaya.

Mu 'yan kasuwa mun san araha ba ta ado. Kuɗin sintiri ya tafi wajen tocila, usur da katin waya, maganar makami kuma a bi ta hannun Sarkin Sabo da hukuma. Rai amana ne, na mutum da na maƙwabcinsa. Allah Ya tsare mana unguwa, Ya jiƙan magabata.