Tarihin Horar da Masanan Inganta Iri: Daga Samaru zuwa Legon

1.0 Gabatarwa

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin zaɓen iri. Tun kafin zuwan Turawa yakan ware zangarniya mafi kyau ya rataye domin shukar baɗi, kuma ta haka ne aka gaji farafara da kaura cikin dawa, da gero da maiwa, da waken kanannado. Abin da yake sabo shi ne mayar da wannan aiki sana'ar da ake koyo a makaranta, wato a haɗa auren tsiro da tsiro da gangan, bisa sanin yadda halaye ke bin gado. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka horar da masu wannan sana'a, domin nuna cewa wurin da aka yi horon ya yi tasiri a kan irin da ya isa gona.

2.0 Samaru da Karatun Ƙetare

A shekarar 1922 ne gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tashar binciken aikin gona a Samaru ta Zariya. Hankalinta ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, amfanin da masana'antun Ingila ke buƙata. Turawa ne ke tsara bincike, 'yan ƙasa kuwa ana koya musu awon fili da kula da shuka da rubuta sakamako, ba tare da an ba su ilimin da zai sa su tsara gwajin da kansu ba.

Lamarin ya sauya a 1962, lokacin da tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A cikin shekarun 1960 Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta taimaka wajen gina Tsangayar Aikin Gona, aka kuma riƙa tura matasan malamai Amurka da Ingila neman manyan digiri. Babu shakka wannan ya samar da ƙwararru. Sai dai dawar Kansas gajeriya ce da aka tsara domin injin girbi, alhali dawar Hausa doguwa ce, ba ta fitar da kai sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, kuma manomi na son karanta domin darni da makamashi da abincin dabbobi. Wanda ya koyi sana'ar a can, in ya dawo, dole ya sake zama ɗalibi a gaban manomi.

Annobar 1975 ta nuna tsadar wannan fage. A shekarar ce wata cuta da ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗawa ta tsumburar da gyaɗa a faɗin Arewacin Nijeriya, daidai lokacin da jama'a ba su gama farfaɗowa daga fari ba. An san irin da ke jure cutar, amma mai daɗewa ne kafin ya nuna, ga shi damina ta gajarta. Haɗa juriya da saurin nuna a tsiro ɗaya aikin shekaru ne: a yi aure, a shuka 'ya'ya, a zaɓa, a sake shukawa, a gwada a wurare dabam-dabam. Sai a farkon shekarun 2000 Samaru, tare da cibiyar ICRISAT, ta fitar da irin SAMNUT 23 mai halayen biyu. A tsakanin nan ne Shirin Gyaran Tattalin Arziki na 1986 ya karya darajar naira, karatun ƙetare ya gagari cibiyoyi, ƙwararru da dama suka bar ƙasa. Aikin da ke cin shekara goma ba ya jure yawan canjin hannu.

3.0 Dawo da Horo Gida

A 2007 aka buɗe Cibiyar Inganta Amfanin Gona ta Afirka ta Yamma a Jami'ar Gana da ke Legon, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Eric Danquah, da haɗin gwiwar Jami'ar Cornell. Hikimar tsarin ita ce ɗalibi ya yi karatun aji a Legon, sannan ya koma cibiyarsa a Nijeriya ko Nijar ko Mali ya yi binciken digirin dakta a kan amfanin gonar ƙasarsa da matsalolinsa, irin su fari da ƙuduji. Ta haka yakan kammala da iri a hannu wanda zai ci gaba da renonsa.

Har ila yau, tsofaffin hannu ma na buƙatar ƙarin sani, domin a yau ana iya gane halin tsiro daga ƙwayoyin halittar ganyensa tun yana ƙarami. Saboda su aka fara wani kwas a Nairobi a 2013 da taimakon Jami'ar Kaliforniya ta Davis, na mako shida a zango uku, ta yadda ma'aikaci ba zai bar gonar gwajinsa tsawon damina ba. A Samaru kuwa, ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci gwajin waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar kwanso, wanda aka saki ga manoma a 2019 bayan kimanin shekara goma ana gwaji a fili.