Daga Ahalari Zuwa Ikon Allah: Tarihin Littattafan Share Fagen Ilimi a Arewa

Garin Gwada yana kan hanyar Minna zuwa Kuta, a ƙaramar hukumar Shiroro ta Jihar Neja. An san shi da kasuwar doya, layin dogo mai zuwa Kaduna ma ta nan ya ratsa. Yaron da ya tashi a garin yakan ji harshen Gbagyi ko Fulatanci a gida, ya ji Hausa a kasuwa da tashar mota. Amma ranar da zai fara sanin mece ce kimiyya, ko tattalin arziki, ko tsarin mulki, da Turanci littafin zai yi masa magana. Da Turancin kuma zai amsa jarrabawar NECO, hukumar da aka kafa a 1999 mai hedkwata a nan Minna. Da yawa suna ɗaukar abin kamar haka yake tun fil azal. Tarihi bai ce haka ba, kuma babban mai ba da shaida a wannan batu ɗan Jihar Neja ne.

Tun kafin zuwan Turawa, makarantun zaure suna da tsani da kowane ɗalibi yake bi. Bayan allo sai Ƙawa'idi, sai Ahalari, ɗan ƙaramin littafin tsarki da salla na Abdurrahman al-Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16. Daga nan Ishmawi, Iziyya, sannan Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu a 996. A nahawu kuwa da Ajuruma ake farawa. Risala ba ta tsaya kan ibada ba. Akwai babin ciniki da bashi da riba, akwai na shari'a da shaidu, akwai na rabon gado wanda dole mai karanta shi ya iya lissafi. Wato fatake da alƙalai duk daga nan suke ɗauko harsashinsu.

Abin lura shi ne yadda ake karantarwar. Littafin Larabci ne, amma ɗalibi yana ja malam yana fassara masa da Hausa ko Fulatanci ko Nufanci, gaɓa bayan gaɓa, ba a wuce layi sai ya zauna. Malaman jihadi sun ƙara faɗaɗa hanyar. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya zama jagora ga masu mulki da shari'a, Nana Asma'u kuwa ta tsara darussa cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, jajis suka riƙa kai su ƙauyuka ga matan da ake kira 'yan taru.

Da Turawa suka ci ƙasar suka zauna a Zungeru, sai suka tarar ba su da littafin da za su koyar da shi. Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Ita ta fitar da Labaru Na Da Da Na Yanzu, da Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu mai juzu'i biyu, wanda aka tsamo yawancinsa daga rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar nan. Waɗannan suna cikin littattafan tarihi na farko da ɗan boko ya riƙe da harshen da yake ji.

East ya gane fassara kaɗai ba za ta wadatar ba, sai an samu marubuta 'yan ƙasa. A 1933 aka sa gasar rubutu, kuma biyu daga cikin waɗanda suka yi fice 'yan gida ɗaya ne, mutanen Kagara da ke ƙaramar hukumar Rafi ta yanzu, maƙwabciyar Shiroro. Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, ƙanensa Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja. An haifi Imam a 1911, ya yi Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Midil ta Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936. Can ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku, domin ta zama littafin karatu a makarantu.

Yawancin mutane a nan suke tsayawa idan ana maganar Imam, alhali aikinsa ya wuce tatsuniya da hikaya. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi don ƙara wa yara sanin duniya. Shi da East suka haɗa Ikon Allah, inda suka yi bayanin halittu, tsirrai da dabbobi da sammai, cikin Hausar da ɗan firamare zai karanta wa kakansa ya gane. Dabarar tana cikin yadda suka tunkari mai karatu. A lokacin da iyaye ke tsoron boko zai raba 'ya'yansu da addini, sai aka nuna musu nazarin halitta hanya ce ta ganin buwayar Mahalicci. Aka fara da abin da yaro ya sani a gona da rafi, sannan aka ja shi zuwa abin da bai sani ba. Daga 1939 kuma Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta riƙa fayyace wa talaka labarin yaƙi da haraji da lafiya da sabon tsarin mulki.

Fannin shari'a da aikin ofis ma an yi musu tanadi. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A Kongo ta Zariya aka riƙa horar da akawuna da ma'ajin En'e yadda ake riƙe littafin kuɗi. Da sabon kundin hukunta laifuffuka na Arewa ya fara aiki a 1960, an fassara shi da Hausa, an kuma tara alƙalai a Kongo an karantar da su.

Shekarun 1950 su ne ganiyar wannan aiki. Gwamnatin Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, inda Malam Ahmadu Kumasi ya taka babbar rawa, aka kafa hukumar NORLA don ta samar wa sababbin makaranta abin karantawa. Ta buga ƙananan littattafai masu araha kan noma, kiwo, kiwon lafiya, sana'o'i da tarihin garuruwa, da Hausa da wasu harsunan Arewa, motocinta suna yawo da su kasuwa-kasuwa. A 1959 aka rufe ta. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya gaji littattafan ya ci gaba da sake buga su.

Daga nan ruwan ya fara ja baya. Shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda malamai da littattafai za su iya ɗauka. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da azuzuwan farko da harshen uwa ko harshen da yankin yake ji, amma ba a bi ta da littattafan da za su raya ta ba. Da Naira ta faɗi bayan 1986, takarda ta yi tsada, madaba'u suka durƙushe. Marubutan Kano sun farfaɗo da ƙagaggun labarai da kuɗin aljihunsu, sai dai gurbin littafin kimiyya da na kasuwanci da na doka ya zauna fanko. Ɗalibi ya koma dogaro da takardun da malami ya buga da tambayoyin jarrabawar baya, yana haddace abin da bai fahimta ba.

Ƙasashen da suka yi nisa ba su raina irin wannan littafi ba. Faransa tana da jerin Que sais-je? tun 1941, Jami'ar Oxford ta fara nata gajerun littattafan gabatarwa a 1995, Jami'ar Rice ta Amurka kuma tana ba da littattafan shekarar farko kyauta ta intanet ƙarƙashin OpenStax tun 2012. Manyan masana ne suke rubuta su, domin sauƙaƙa ilimi sai wanda ya ƙoshi da shi.

A yau yaran Shiroro da Rafi suna cikin wani hali mai tsanani. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, azuzuwa a Gwada da Kuta sun zama mafakar 'yan gudun hijira, kuma a Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai 27 daga Kwalejin Kimiyya ta Kagara, mahaifar mutumin da ya rubuta mana kimiyya da Hausa. Yaron da karatunsa ya yanke na shekara biyu ko uku ya fi kowa bukatar littafin da zai iya karantawa shi kaɗai, ko ya saurara a wayar gidansu.

Masanan da za su yi aikin suna nan kusa: a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tun 1983, a Jami'ar IBB ta Lapai, da Kwalejin Ilimi ta Minna. Jami'ar Bayero ta daɗe tana tattara kalmomin fannoni da Hausa. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin jerin gajerun littattafai, kowane fanni da nasa, da Hausa da Gbagyi da Nufanci, Turancin yana gefe don jarrabawa, a sayar da su kan kuɗin da manomin doya zai iya biya. Mutanen da suka yi wannan aiki a Zariya shekaru tamanin da suka wuce ba su da kwamfuta, ba su da jami'a ko ɗaya a Arewa. Mu da muke da duka biyun ba mu da hujjar barinsa.