Baitulmali da Mabuƙaci a Tarihin Kano: Daga Magili zuwa Auren Gata

Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ya tsaya ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zai ga mabarata, wasu naƙasassu, wasu kuwa majiya ƙarfi. A unguwannin Tarauni, har da Daurawa, muhawara takan tashi duk lokacin da hukuma ta yi rabon tallafi: wasu su kira shi almubazzaranci mai kashe zuciya, wasu su ce haƙƙin talaka ne. Wannan muhawara tsohuwa ce a Kano, kuma magabata sun bar mata ma'auni.

A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Magili ya rubuta wa sarkin risalar da aka fi sani da Tajuddini. A cikinta ya keɓe babi ga tara dukiya ta hanyar halal, wani kuma ga wuraren da ake kashe ta. Manufarsa ita ce sarki wakili ne a kan dukiyar Allah, ba mamallakinta ba. Bayan ƙarni uku, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami a nan Kano, bisa roƙon mutanenta, ya sake fayyace hanyoyin shigar kuɗin baitulmali da masu haƙƙi a cikinsa.

Sai dai malaman jihadi ba su tsaya ga nauyin shugaba kaɗai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Tanbihus Sahibi a kan hukunce-hukuncen neman na kai, ya yabi sana'a, ya zargi zaman banza. A Usulus Siyasa, wadda ya aika wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi. A fahimtarsa, mafificin taimako shi ne wanda zai sa mabuƙaci ya daina buƙata. Asalin wannan yana cikin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito na Ba'ansaren da ya zo roƙo, Annabi (SAW) ya sayar da 'yan kayansa dirhami biyu, ya umarce shi ya ciyar da iyalinsa da ɗaya, ya sayi gatarin yin itace da ɗayan.

A nan akwai saɓanin da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Mukhtasar na Halilu ya halatta a ba wa mai ikon yin sana'a zakka in matalauci ne, har abin da zai ishe shi shekara. Shafi'awa kuwa, kamar yadda Nawawi ya bayyana, sun hana wanda sana'arsa za ta wadatar da shi, amma sun ce a ba wa mai sana'ar da ya rasa kayan aiki abin da zai saya su. Ke nan duk wanda ya ce ba wa lafiyayye ɓarna ce kai tsaye, ya wuce abin da mazhabar ƙasar nan ta faɗa.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, suka riƙe sunan baitulmali, suka canja ma'anarsa. Ya zama taskar En'e, inda haraji da jangali ke shiga, albashin sarki da hakimai da alƙalai ke fita. Rabon nan takwas na aya ta 60 cikin Suratut Tauba ya daina zama ginshiƙin kasafi. Gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, waɗanda mafi yawan kuɗinsu ke zuwa daga asusun tarayya. Tun da kuɗin ba daga aljihun talaka yake fita kai tsaye ba, sai tambayar inda ya tafi ta yi rauni, tallafi kuma ya ɗauki kamannin kyautar mai mulki.

Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. A 2012, zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, Hukumar Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Ibrahim Daurawa ta fara aurar da zawarawa da kuɗin gwamnati. A Oktoban 2023 an ɗaura wa ma'aurata 1,800 auren gata, aka haɗa wa amare kayan ɗaki da ɗan jari. Ma'aunin Muhammadu Bello ga irin wannan shiri ba yawan taron ɗaurin aure ba ne. Tambayarsa ita ce gida nawa ne ya tsaya da ƙafarsa bayan shekara biyu.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan ya tabbata a aikace, Tarauni da sauran ƙananan hukumomi 43 na jihar za su riƙe amana mai nauyi. Abin da tarihi ya nuna uku ne: a rarrabe gajiyayyen da ciyar da shi wajibi ne da majiyin ƙarfin da jari ya fi dacewa da shi, a rubuta abin da aka kashe inda jama'a za su gani, a kuma koma a duba halin wanda aka ba wa. Wajibin malaman unguwa ne su tunatar da mai rabo da mai karɓa cewa kowannensu abin tambaya ne ranar hisabi. Allah ne mafi sani.