Tattaunawar PAM

Tattaunawar PAM hanya ce da tsarin tantance masu shiga kwamfuta, wato PAM, ke bi wajen yi wa mutum tambaya da karɓar amsarsa a kwamfutocin Unix da Linux. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ne ya ƙirƙiro PAM, aka fitar da bayaninsa a takardar OSF RFC 86.0 a watan Oktoba na 1995.

Sassan PAM, wato ƙananan manhajojin da ke yin aikin tantancewar, ba sa magana da mutum kai tsaye. Manhajar da ke neman tantancewa, kamar login ko sudo ko sshd, ita ke miƙa aikin tattaunawar cikin tsarin pam_conv lokacin da ta kira pam_start. Da haka sashe ɗaya ke aiki ko a allon rubutu, ko a tagar hoto.

Saƙonnin da sassan ke aikawa ta wannan tattaunawa iri huɗu ne. PAM_PROMPT_ECHO_OFF na neman amsa ba tare da nuna abin da ake bugawa ba, shi ake amfani da shi wajen kalmar sirri. PAM_PROMPT_ECHO_ON na nuna rubutun, kamar sunan mai shiga. Sauran biyun na sanarwa ne da kuskure.

Linux-PAM, wato PAM na Linux, da PAM na tsarin Solaris sun sha bamban wajen fassara jerin saƙonni, shi ya sa masu rubuta sassa kan aika saƙo ɗai-ɗai.