Gadon Mai Zane Tom na Finlan da Darasinsa ga Manazarta Al'adun Hausawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda zane-zanen batsa, waɗanda a dā ake sayarwa a ɓoye, suka rikiɗa suka zama kayan tarihi a ƙasashen Turai. An zaɓi wani mai zane ɗan ƙasar Finlan a matsayin misali, sannan a ƙarshe za a waiwayo gida. Nazarin abu dai daban yake da amincewa da shi, kamar yadda likita kan nazarci cuta ba don yana ƙaunarta ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

Sunansa na yanka Touko Laaksonen. An haife shi a garin Kaarina a 1920, iyayensa duka malaman makaranta ne. Ya tafi birnin Helsinki a 1939 don koyon fasahar talla, ya kuma yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, a rundunar harbo jiragen sama. Bayan yaƙi ya riƙa aiki a kamfanin talla da rana, da dare kuwa yana zana hotunan maza ƙarfafa sanye da kayan soja, ko na 'yan sanda, ko rigunan fata irin na masu babur. Zanen nasa na 'yan luwaɗi ne, kuma a cikinsa suturar ita kanta tana daga cikin abin sha'awa.

A 1957 wata mujallar Amurka mai suna Physique Pictorial ta buga zanensa a bangonta. Editanta, Bob Mizer, shi ne ya laƙaba masa sunan Tom of Finland, watau Tom na Finlan. Ɓoye suna ya zame masa dole, domin a lokacin luwaɗi laifi ne a dokar ƙasarsu, kuma ba a soke wannan doka ba sai a 1971. Ya bar aikin talla a 1973, ya duƙufa ga zane kaɗai. Ya mutu a Helsinki a 1991, ya bar zane kimanin 3,500.

3.0 Yadda Gadon Ya Kafu

Abubuwa uku ne suka fito da wannan aiki daga ɓoye zuwa sarari. Na farko shi ne sauyin doka. A 1962 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin cewa gidan waya ba shi da hurumin hana aika irin waɗannan mujallu, sabili da haka kasuwarsu ta buɗe. Na biyu shi ne adanawa. A 1984 shi da abokinsa Durk Dehner suka kafa wata gidauniya da sunansa a birnin Los Angeles, aikinta tattara zane-zanen da killace su. Na uku shi ne karɓuwa a wurin hukuma. A 2014 gidan wayar Finlan ya fitar da kan sarki ɗauke da zanensa, a 2017 kuma aka shirya fim a kan rayuwarsa.

Duk da haka, gadon bai tsira daga suka ba, har ma a tsakanin masu irin ra'ayinsa. Wasu sun zarge shi da ƙawata kayan sojan Jamus na zamanin Hitila. Wasu kuma sun nuna cewa yadda yake zana baƙar fata ya ƙara wa tsohuwar fahimtar Turawa ƙarfi, wadda ke kallon Baƙin mutum a matsayin jiki kawai. Abin lura shi ne, masu sukar nan sun sami abin kafa hujja ne saboda an adana aikin.

4.0 Waiwaye a Gida

Hausawa kan ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A shekarar da Finlan ta fitar da wancan kan sarki, watau 2014, a cikinta Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi a Nijeriya. Kafin nan ma addini da al'ada da dokokin Shari'a na jihohin Arewa, har da Sakkwato, sun riga sun haramta luwaɗi. Don haka ba a nufin kwatanta matsayin al'ummomin biyu. Abin kwatantawa shi ne sha'anin adanawa.

A ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a garin Boɗinga. Abin da suka wallafa ya iso mana domin almajirai sun kwafa, zuriya ta adana. Haka ma Waƙar Nijeriya ta Alhaji Shehu Shagari ta wanzu saboda an buga ta. Amma zantukan mutanen gefe, irin su habaicin 'yan daudu da karin maganarsu, da waƙoƙin bori, da baitocin batsa da kan faɗo a kiɗan amada, galibi sun tafi tare da masu su. Kunya ta hana ɗalibai da yawa rubuta su. Sakamakon haka, littafin da aka fi ambata a kan harshen 'yan daudu shi ne Allah Made Us na Rudolf Gaudio, Ba'amurke, wanda ya fito a 2009 da Ingilishi.

5.0 Kammalawa

Tarihin Laaksonen ya nuna cewa hannun mai fasaha kaɗai ba ya kafa gado. Sai an sami doka da kasuwa da ma'adana. Ya kuma nuna cewa abin da aka adana ne kawai ake iya yi wa hukunci da hujja, ko yabo ko suka. Idan manazarta Hausa suka ci gaba da kawar da kai daga sassan harshe da al'ada masu nauyin faɗa, to baƙi ne za su rubuta su da ma'auninsu, jikokinmu kuma su karanta daga gare su. Ya kamata sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu su tsara hanyar tattara irin waɗannan zantuka cikin ladabi da amana, tare da sakaya sunayen masu ba da bayani.